Shekarar da Muka Buga Ƙwallo a Kan Bizne

Bana ruwa ya yi nawa. Hadari ya kan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Sati uku ke nan ana yi mana haka. Shekaranjiya da safe na ga maƙwabcina ya fito da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu, ƙasa kuwa a bushe ƙamas. Na ce, "Ina zuwa haka?" Ya ce, "Bizne za ni yi, Baba Gola, na gaji da jira." Na ce Allah shi ba da sa'a. Na koma kan tabarmata, kokon da ke gabana ya huce ban sha ba.

Sunan nan na Gola ya bi ni tun ina saurayi, don ni ne golan farko na Jandutsi a gasar ƙwallon da ake yi tsakanin garuruwanmu na Jega da Aliero da Maiyama. Yaran da ke riƙe da gasar yanzu su kan zo da wayoyinsu su ce in ba su tarihi. Ina ba su. In gaya musu wanda ya kawo bal ta farko da wanda ya fara hura usur, su yi dariya, su ɗauke ni hoto, su tafi. Akwai ɓangaren da ba na ba su. Ba ɓoyewa nake yi ba, tsofaffin garin nan duk sun san shi. Bakina ne dai ba ya kaiwa can.

Gasar nan yunwa ce ta haife ta. Daminar da ta gabace ta an yi fari, gero ya fara fid da kai ya tsaya, ya bushe a tsaye. Muka ce to, albasa za ta rufa asiri. Sai rijiyoyin fadama suka ƙafe tun albasa ba ta gama yin kai ba. Masu ƙarfin hali suka tafi cin rani, mu da muka rage muka zama 'yan zaman gindin itace. Ba aiki, ba abin taunawa, sai gardama da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Akwai wani malamin firamare da aka turo mana, Malam Shehu, ɗan siriri mai keke. Shi ya bi gari-gari a kan keken nan cikin rana har ya haɗa ƙungiya shida: mahautan Jega, 'yan tashar Jega, 'yan albasar Aliero, samarin Jiga Makera, Karaye, sai mu. Dattawa suka ce allambaran. "Mutane na yunwa ku kuna tsalle-tsalle?" Malam ya yi ta zarya yana durƙuso har suka gaji da ganin sa. Suka yarda, amma da sharaɗi guda. Lokacin ba mu da wani fili sai gonakin mutane da suke kwance da rani, saboda haka aka ce ranar da ruwan shuka ya sauka, ƙafar ɗan ƙwallo ta haramta a gona. Mai gona ne kuma zai sa hannu. Zai tona ƙasa da hannunsa, in danshi ya kai wuyan hannu, ruwan shuka ne, a tuge turakun raga ranar nan ko da wasan ƙarshe ne ya rage. Malam ya rubuta dokar a shafin farko na wani littafin 'yan makaranta, sama da dokar satar fage.

Filinmu na Jandutsi gonar wana ce, Yaya Mamman, wadda mahaifinmu ya bari. Shimfiɗaɗɗiya ce, ga ta a bakin gari. Yaya bai damu da ƙwallo ba ko kaɗan, bai ma san mutum nawa ke bugawa ba. Da na roƙe shi cewa ya yi, "Ku yi ta tsallenku. Ku dai cire mini kututturan kara." Shi a ganinsa ya samu masu sharar gona kyauta.

Kwana huɗu muka yi muna gayya. Muka tuge kututtura, muka tsince ƙaya, muka sari dogon yaro muka kafa turaku, muka ɗaura igiyar rama daga sama. Raga kuwa tsofaffin buhunan albasa ne muka farke muka harhaɗa. Layi da toka muke ja, gida-gida muke bi muna kwasa, har mata suka fara ɓoye tokarsu in sun ji muryarmu a zaure. Bal ɗaya ce tal duk gasar, wani direban Aliero ya kawo ta daga Kudu. A bayan keken Malam take yawo, in ƙaya ta huda ta baduku ya ɗinke. Maƙeran Jiga suka ƙera mana kofi da wani tsohon ƙarfen mota, nauyinsa sai ka sa hannu biyu.

Bayan sallar la'asar ake take wasa, amma da bazara ko a lokacin yashi gasa ƙafa yake yi, mu kuma ba mai takalmi. Da yake ba riguna, ɓangare guda ke tuɓewa. Ka ga haƙarƙarin mutum a jere kana iya ƙirgawa daga raga. In an tafi hutun rabin lokaci tulu ɗaya ne, kowa ludayi ɗaya, Malam na tsaye a kai. Na ga ɗan wasan da ya ɗauko bal ya wuce mutum biyu, sai kawai ya zauna a ƙasa, jiri ya kwashe shi, tun jiya goruba ce kaɗai a cikinsa. Aka ja shi inuwa aka yi masa fifita, wasa ya ci gaba. Yanzu yara na da takalma da riguna masu lamba, da ruwan leda a cikin ƙanƙara. Ba na jin haushinsu. Ni dai a zamaninmu, awa ɗaya da rabin nan ta wasa ita ce kaɗai lokacin da ba na jin cikina.

Mu biyar ne a gida: Inna, Yaya, matarsa Kulu, 'yarsu Nana tana goye, sai ni. Sau ɗaya ake ɗora tukunya. Wata rana garin rogo da ɗan ƙuli, wata rana tuwon dusa da miyar kuka tsararo. Kulu 'yar Karaye ce, ga ta da tsokana, irin wasan matar wa da ƙanen miji. In na dawo da ƙura a jiki sai ta ce, "Gola, randa 'yan garinmu sunka zo, ka ɗaura tabarma ga ragar nan, don hannunka rariya ne." In ce, "Ke dai ki tanadi gyalen share hawaye." Ta yi dariya, ta kankaro mini ƙanzo a ɓoye.

Abu ɗaya ne a gidan ba a taɓawa. Damin gero ne na iri, wanda Yaya ya tsinto zangarniya-zangarniya daga gonar da ta ƙone, ya rataye shi a rufin ɗakin Inna. Muna kwana da yunwa muna kallon sa. Ba mu da wani bayan shi, kuma a shekarar nan ba wanda zai ba ka iri, kowa nasa bai ishe shi ba. Abincinmu na baɗi kaf yana cikin damin nan.

Da bazara ta yi nisa aka gama wasanni, ya rage na ƙarshe, mu da Karaye. Aka ce a Jiga Makera za a buga, don kada kowa ya ce an yi a gidansa. A satin ne Yaya ya samu aikin bin wata motar albasa zuwa Kudu, lodi da saukewa, kwana goma sha. Ya kira ni ya ce, "Kun gama da gonata?" Na ce mun gama. Ya ce, "To gobe da asuba bizne za mu yi."

Bizne shi ne ka binne iri a busasshiyar ƙasa, ya kwanta yana jiran ruwa. In ruwan farko ya yi ƙarfi ka riga kowa, in ya yi yayyafi ya ɗauke iri ya ruɓe. Inna ta ce caca ce, a bari ya dawo. Yaya ya ce, "Inna, in ruwa ya sauka ba ni nan, wa za ya shuka? Kuma in na bar shi cikin ɗaki, wallahi cinye shi za mu yi." Kulu ta sussuka damin, ta sheƙe, ya tashi tiya huɗu da ɗan kai.

Yana gaba da sungumi yana sara, ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige. Muka bi ta kan layukan toka, muka ratsa tsakiyar fili, muka wuce ta tsakanin turakun ragata. Ya ce in tuge su, na ce sai da yamma. Kafin hantsi ya yi zafi mun gama. Ya karkaɗe ƙwaryar, ya duba cikinta, ya kife. Ya ce, "Garba, ga gona nan." Da azahar ya hau mota. Kwana biyu iska ta share sawun sungumi, wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa wurin ba. Turakun kuwa ban tuge ba.

Ran Laraba da la'asar ruwa ya sauka. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fito tsirara suna ihu, mata suka jera kwanoni a bakin indararo. Bai daɗe ba ya ɗauke. Gari ya rabu biyu, wasu suka ce ya isa shuka, wasu suka ce irin wannan ne ya ƙone mana iri bara, a jira na biyu. A Jiga Makera kuwa kamar da bakin ƙwarya aka yi shi. Mai gonar da za mu yi wasa a kai ya sa hannu ran Alhamis da safe, ya tuge turaku ya shuke abinsa.

Da hantsin Alhamis ɗin Malam Shehu ya iso a kan keke, laka har gwiwar wando, bayansa samarin garinmu sun fi ashirin. Ya ce 'yan Karaye sun riga sun samu motar da za ta kawo su gobe Juma'a, ba yadda za a ɗaga wasan. In ba a buga gobe ba shi ke nan, kowa ya shiga gona, gasar ta mutu ba ta haifi zakara ba, dattawa kuma su ce da ma sun faɗa. Ya ce, "Garba, turakunku na nan tsaye, nan za a dawo da wasan. Mamman ba shi nan, kai ne mai gona. Zo ka sa hannu."

Muka ɗunguma zuwa gonar. Na durƙusa a gefen fili, na fara tonawa. Saman ya sha iska, yana da ɗan ɗumi. Ƙasan kuwa sanyi. Yatsuna suka nutse, tafin hannu ya nutse, wuyan hannu ya shige, ƙasar tana nan a jiƙe tana kama fata. Na ƙara turawa, har yanzu danshi. Suna tsaye a kaina ba mai motsi, ina jin numfashinsu. Ba wanda ya leƙa ramin, don doka ta ce hannun mai gona ne shaida.

Na zaro hannu na goge a cinya. Na ce, "Bai kai ba."

Suka ɗauki ihu. Malam ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe ramin. Maganar bizne ban yi ta ba, su kuma ba su sani ba. Abin da na gaya wa kaina shi ne iri yana can ƙasa, wasa ɗaya ne, me ƙafar da ba takalmi za ta yi masa? Ni da aka haifa a gona, na san abin da iri ke yi kwana biyu bayan ya sha ruwa. Na sani sarai.

Da labari ya shiga gida Kulu na tsakar gida tana ba Nana mama. Ba tsokana ranar. Ta ce, "Garba, ba can kunka yi bizne ba?" Na ce, "Iri na ƙasa, ba abin da za ya same shi." Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta gyara wa yarinyar kwanciya. Ba ta gaya wa Inna ba, ni ma ban gaya mata ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutane suka fara kwararowa. Ban taɓa ganin taro irin wannan a garinmu ba. Daga Jega a kan kekuna, daga Aliero a bayan mota, 'yan Karaye da makaɗinsu. Suka zagaye fili sahu uku, har cikin sauran gonar. Aka ajiye kofi a kan tebirin makaranta. Ƙasa ta yi laushi, gudu ya yi daɗi, kowa na yaba filin.

Ba a daɗe da farawa ba wani dogon ɗan Karaye ya sheƙo mini bal ta ƙasa. Na yi tsalle na faɗa kanta, hannuna na dama ya kwashi ƙasa. Mutane na ta kiran sunana. Da na buɗe hannun sai ga ƙwayar gero huɗu ko biyar a ciki, sun kumbura sun fasa baki, kowace da ɗan farin tsironta siriri kamar zare. Biyu sun karye. Na dubi fili, ƙafa arba'in da wani abu suna kai da kawowa, ga ɗaruruwa a gefe suna tsalle. Alƙalin wasa ya ce in buga bal. Na buga.

Sauran wasan ba na iya kawo shi. Na san na yi ta faɗuwa ina tashi, na san an hura usur dab da magariba, na san mutane sun watse. Ni kaɗai na tuge turakun washegari.

Rana ta buɗe kwana biyar a jere. Tsakiyar gonar ta daskare kamar daɓen ɗaki. Gonakin waɗanda suka shuka ran Alhamis suka yi kore layi-layi. Tamu ta fito a kusurwoyi, da can ƙarshen gabas inda taro bai kai ba, sai ɗan tsilli-tsilli nan da can. Kullum da safe ina zuwa in tsaya. Ba kuka nake yi ba, ba addu'a ba, tsayuwa kawai.

Yaya ya dawo da hantsi, ya sauka a bakin hanya, bai shiga gida ba ya wuce gona da ƙunshinsa a kafaɗa. Can ya same ni. Ya taka daga wannan gefe zuwa wancan a hankali. Ya tsaya a tsakiya, inda ragowar da'irar toka ba ta gama gogewa ba, ya dunguri ƙasar da diddige. Ya dubi ramukan turaku. Na shirya wa mari, na shirya wa zagi, da ya yi da na ji sauƙi. Ya sauya wa ƙunshinsa kafaɗa ya ce, "Mu tahi gida."

Da yamma Malam Shehu ya zo zaure, an riga an gaya masa. Ya cire hula, ya ce shi wallahi bai san da bizne ba. Yaya ya ce, "Na sani, Malam. Mai gona ya sa hannu, ai doka ta cika." Ya kira ni in kawo wa baƙo ruwa.

Da ruwa na biyu ya sauka muka fasa daɓen da galma, muka ciro tsiron gefe muka yi dashe. Bai rufe ko sulusin gonar ba. Wani tsoho abokin mahaifinmu ya ba mu ragowar dawa cikin tafin hannu biyu, muka cike wani wuri, amma lokaci ya riga ya ƙure mata. Ɗan abin da Yaya ya samo a Kudu ya kai mu wata guda. Daga nan sai ganye. Tafasa da safe, yaɗiya da yamma, rama in an samu, ba ƙuli ba gishirin kirki. Muna noma gonakin wasu don a ba mu fura da rana, mu dawo mu yi tamu. Ruwa kuwa kamar gayya, shekarar ya zuba yadda ake so. Geron maƙwabta ya fi mutum tsawo, tamu tana tsakiya a buɗe, daga hanya kana iya gane inda fili yake.

Cikin marka nonon Kulu ya janye. Nana ta daina kuka mai ƙarfi, sai ɗan ƙugi. Wata safiya mahaifin Kulu ya iso daga Karaye da jaki. Ya gaisa da Inna, ya zauna da Yaya a zaure, ya ce uwarta ba ta jin daɗi, ta zo ta taya ta aiki kwana biyu. Duk mun san abin da kwana biyun nan ke nufi. Yaya ya ce ba komai, Allah shi ƙara sauƙi. Shi da kansa ya ɗaura mata kaya. Da za ta fita ta same ni a ƙofar gida, ta ce, "Gola, sai wata rana." Na ce a gaida mutanen gida. Abin da na iya cewa ke nan.

Da kaka gonar da ke ba mu dami arba'in ta ba mu tara. Yaya ya je biko sau biyu, aka ce ya bari abinci ya samu. Kafin damina ta zagayo auren ya mutu. A Karaye Nana ta girma, wani take kira baba. In mun haɗu a kasuwar Jega ta kan durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida kowane tsoho.

Gasa kuwa ba ta mutu ba. Shekarar da ta biyo hakimi ya ba da wani faƙo mai tsakuwa inda ko ciyawa ba ta fita, aka kafa turakun ƙarfe, ƙungiyoyi suka ƙaru. Na ci gaba da tsayawa a raga shekara shida. Mutane sun ɗauka zan bari, ni ma na ɗauka. In na kama bal ana ihu, in ta wuce ni ana zagi, duka biyun ɗaya nake jin su.

Ni da Yaya muka ci gaba da noma gonar nan tare. Ya daɗe bai sake aure ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa hana ni komai ba, shi ya tsaya mini a aurena, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Maganar ranar nan ce kawai bai taɓa yi ba, ko da wasa, ko cikin fushi. Na sha shirya yadda zan fara, in na zauna kusa da shi sai in ji ina tambayar sa farashin taki.

Kakar da ta zama ta ƙarshe a gare shi, muna zaune a bakin rumbu da hantsi muna zaɓen iri. Idonsa ya yi rauni, da hannu yake shafa zangarniya, in ta cika ya ajiye dama, in ba ta cika ba ya jefa hagu. Gemunmu duka ya yi fari. Bai ɗago kai ba ya ce, "Garba, wai ranar nan, wa yac ci?"

Ban tambaye shi wace rana ba. Na ce, "Ba wanda yac ci, Yaya. Canjaras anka tashi. Anka ce a sake bugawa, sai kowa ya shiga gona."

"Ko ɗaya ba su saka maka ba?"

"Ko ɗaya."

Ya shafa zangarniyar da ke hannunsa tun daga gindi har kai, ya ajiye ta dama.

"To," in ji shi. "Ashe dai ka tsare gida."